Minti 15 da Suka Zama Awa Shida: Lamarin Dakta Bob na Akron

A farkon shekarar 1935, duk wanda ya san Dakta Robert Smith, wanda aka fi sani da Dakta Bob, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka ya san giya ta kusa gamawa da shi. Likitan fiɗa ne, ɗan shekara 55, mutum dogo marar yawan magana. Abokan aikinsa sun fara ja da baya, masu turo masa majinyata sun ragu, bashi ya yi masa katutu, gidan da yake ciki da matarsa Anne da 'ya'yansu biyu a layin Ardmore yana neman suɓuce masa.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya yi shekara 17 yana zagaye wuri ɗaya kamar jakin niƙa. Da safe ya haɗiyi ƙwayar kwantar da jijiya don hannunsa ya daina rawa, ya tafi asibiti, ya daure har yamma, ya sami kuɗin kwalba, ya shigo da ita gida a ɓoye, ya sha har ya fita hayyacinsa. Gari ya waye, a koma farko. Abu biyu yake tsoro a duniya: kada barci ya ƙi zuwa, kada kuma giya ta ƙare masa cikin dare. Yana ɓoye kwalabe a ma'ajiyar gawayi, da saman ƙofofi, da tsakanin katakan ɗakin ƙasa. Lokacin sanyi yakan cusa kwalba cikin safar hannu mai gashi, ya wurga ta barandar baya kafin ya shiga gida, in ƙafa ta ɗauke ya lallaɓa ya ɗauko. Duk matar da ta taɓa zama da mashayi ta san wannan wasan ɓuya, ta san kuma yadda yake cinye zuciya.

Abin da ya sa na zaɓi lamarin wannan mutum, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa ƙungiyar mashaya masu taimakon juna ta AA, shi ne babu wata hanya da muka saba cewa a bi wadda bai bi ba. Ba jahilci ke damunsa ba, domin ya fi mai yi masa nasiha sanin abin da barasa ke yi wa hanta da ƙwaƙwalwa. Asibiti kuwa, ya kai kansa da ƙafarsa an kwantar da shi fiye da sau goma. Doka ma ta shigo: daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita, har ya ɗauka ƙarshen wahalarsa ya zo, sai ga shi dokar ta bar wa likitoci damar samun barasa da sunan magani, 'yan fasa-ƙwauri kuma suna kawowa har ƙofar gida. Ibada ma bai bari ba. Ya yi shekara biyu da rabi yana halartar zaman wata ƙungiyar Kiristoci mai suna Oxford Group, yana karatu, yana addu'a, ya dawo gida ya buɗe kwalba. Matarsa ta yi kuka, ta yi lallashi, ta caje aljihu har ta gaji.

Baƙon da ya zo daga Niyok

Ɗaya mutumin da suka kafa ƙungiyar tare, Bill Wilson, ɗan harkar hannun jari ne a Niyok, ya haura shekara 39 da kaɗan. Ya fara sha yana soja a 1917. Kafin 1934 giya ta raba shi da aiki da mutunci, matarsa Lois ke ciyar da gida da albashin da take samu a wani kanti. Sau huɗu ana kwantar da shi a asibitin Towns, inda Dakta William Silkworth ya gaya masa abin da babu wanda ya taɓa gaya masa: matsalarsa ciwo ne mai fuska biyu. Akwai jikin da in ya ɗanɗana ba ya iya tsayawa, akwai kuma tunanin da ke ta raya masa cewa wannan karon kofi ɗaya kawai zai sha.

A watan Nuwamba na 1934 wani tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya ziyarce shi. Suka zauna a teburin kicin, Bill ya tura masa kofi, Ebby ya ce ya daina. Wannan ya girgiza Bill fiye da duk wa'azin da ya taɓa ji, domin ya san irin shan Ebby. Ranar 11 ga Disamba ya koma asibiti a buge, kuma daga ranar bai sake kai giya bakinsa ba har ya bar duniya a 1971.

Da ya fito sai ya duƙufa neman mashaya yana yi musu wa'azi. Wata biyar zuwa shida yana yi, ko mutum ɗaya bai tsaya ba. Ya karaya. Lois ce ta nuna masa abin da bai lura da shi ba: su ba su daina ba, amma shi tun da ya fara bin su bai sha ba. Dakta Silkworth kuma ya ba shi shawara ya rage wa'azi, ya fara da ba su labarin ciwon da kuma yadda ya yi da shi.

A watan Mayu na 1935 ya je Akron kan wata rigimar mallakar kamfani, aka kayar da ɓangarensa, abokan tafiyarsa suka koma suka bar shi. Ranar Asabar, 11 ga wata, yana kai-kawo a zauren otal ɗin Mayflower, abin da ke aljihunsa bai wuce dala goma ba. A wannan gefe ga mashayar otal, ana ta raha, ƙarar kofuna na tashi. A wancan gefe ga wayar tarho da allon sunayen majami'u da limamansu. Ƙishirwar ta taso masa. Ya fara raya wa kansa cewa zai shiga ne kawai ya sha lemo ya sami abokin hira, kuma ya gane muryar, domin ita ce ta sha kai shi ƙasa.

A nan ne lamarin ya juya. Tunanin da ya zo masa shi ne yana bukatar wani mashayi da zai yi magana da shi, kuma bukatarsa ga mutumin ta kai bukatar mutumin gare shi. Ya nufi waya. Ya kira wani limamin coci, Walter Tunks, ya ce shi mashayi ne daga Niyok, yana neman mashayi ɗan'uwansa. Limamin ya ba shi sunaye wajen goma. Ya yi ta bugawa: wannan ba ya gida, wancan ya ba da uzuri. Can wani ya ba shi lambar wata mata, Henrietta Seiberling, surukar attajirin da ya kafa kamfanin tayar mota na Goodyear. Da farko nauyin sunan ya hana shi kira, daga baya ya daure ya buga.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan. Mutumin da ake ambato a yau cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar mashaya masu taimakon juna, sai da ya yi kira kusan goma kafin ya dace. Wanda ya nemi taimako sau ɗaya aka yi masa shiru ya ce shi ke nan, ya tuna da wannan.

Henrietta ta san Dakta Bob daga zaman Oxford Group, ta kuma daɗe tana neman yadda za a ceto shi. Ta kira Anne ta ce su zo yanzu. Ba ta yiwu ba, domin likitan ya shigo gida da tukunyar fure ta kyautar Ranar Uwa, ya ajiye, ya faɗi a buge. Aka ɗaga zuwa Lahadi da ƙarfe biyar na yamma. A hanya ya sa matarsa ta yi masa alkawari ba za su wuce minti 15 ba.

Bill da Dakta Bob suka shiga wani ƙaramin ɗaki su biyu. Ba su fito ba sai bayan ƙarfe 11 na dare.

Me aka faɗa a ɗakin?

Bill bai ce masa ya ji tsoron Allah ba, bai ce ya dubi 'ya'yansa ba. Ya fara da cewa shi ba don ya taimaki likita ya zo ba, ya zo ne don kada shi kansa ya sha. Sannan ya shiga ba da labarin kansa: rawar jikin safiya, alkawuran da ya yi wa Lois ya karya, ƙaryar da ya yi ta shirgawa, ranakun da ya farka bai san inda ya kwana ba. Bayan shekaru Dakta Bob ya rubuta cewa a fannin likitanci babu wani sabon abu mai yawa da baƙon ya gaya masa. Abin da ya kama shi shi ne wannan ne mutum na farko da ya taɓa yi masa maganar giya daga abin da ya ɗanɗana da jikinsa, mutumin da ke jin yarensa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya taɓa yi wa Dakta Bob magana a baya daga sama yake yi masa, ko uba, ko mata, ko malamin addini, ko abokin aiki. Ko da ƙauna suka zo, matsayinsu na mai lafiya ne a gaban marar lafiya, na mai gaskiya a gaban mai laifi, shi kuwa mashayi ya ƙware wajen kare kansa daga irin wannan. Zai sunkuyar da kai, ya ce in sha Allahu an daina, a ransa kuwa yana cewa ba ku san abin da nake ji ba. Wannan katangar ba ta da amfani a gaban wanda ya san duk maɓoyar kwalba, domin shi ma ya ɓoye. Ba a iya yi masa ƙarya, ba a kuma jin kunyarsa.

Komawa ruwa

Da labarin ya tsaya nan, da ya yi daɗin ji, amma da bai yi kama da gaskiyar masu fama da giya ba. Bill ya tare a gidan su Dakta Bob. Bayan 'yan makonni likitan ya ce zai je taron ƙungiyar likitocin Amurka a Atlantic City, wanda ya saba zuwa kowace shekara. Anne ta ji tsoro. Tun a jirgin ƙasa ya fara sha, ya ci gaba a otal, kwanaki suka ɓace masa, sai farkawa ya yi a gidan ma'aikaciyar jinyar ofishinsa a kusa da Akron. Aka je aka ɗauko shi.

Ga shi kuma yana da aikin fiɗa nan da kwana uku. Bill da Anne suka yi ta jinyarsa. Da safen ranar aikin hannunsa na karkarwa, Bill ya ba shi kwalbar giya ɗaya don ya iya riƙe wuƙa. Ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, wato mashayan da ba sa bayyana sunansu, tana ƙirga kafuwarta daga wannan rana, 10 ga Yuni 1935, ko da yake masu bin diddigin tarihi sun nuna cewa ranar ta fi kusa da 17 ga wata.

An yi aikin lafiya, amma likita bai dawo gida ba. Awa ta bi awa, Anne da Bill suka ɗauka ya koma mashaya. Sai da yamma ya shigo, idonsa garau. Ashe gari ya zaga, yana bin waɗanda ke binsa bashi da waɗanda ya ɓata wa, yana gaya musu gaskiyar halin da yake ciki, yana neman afuwa. Abin da ya fi tsoro shekara da shekaru, wato a san shi mashayi ne aikinsa ya mutu, shi ya je ya faɗa da bakinsa. Galibinsu sun riga sun sani.

Kada kowa ya ɗauki zancen kwalbar nan a matsayin magani. Abin da take nunawa shi ne haɗarin da ke cikin yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba da ita kullum. Cikin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe ake fara rawar jiki, da zufa, da tashin zuciya, da faɗuwar gaba. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Wajen kwana biyu zuwa uku wasu kan shiga ruɗewa, da gane-gane, da zazzaɓi, kuma wannan yana kisa in ba a kula ba. A yau likita ke lura da wannan mataki, da magunguna irin su diazepam da sinadarin bitamin B1. Zaman 'yan'uwa ba ya maye gurbin gadon asibiti a waɗannan kwanaki. Mai sha kullum da ya yi niyyar bari, ya fara ganin likita.

Mutum na uku

Su biyun sun fahimci cewa in suka zauna suna kallon juna, za su koma. Dakta Bob ya kira asibitin birnin ya tambaya ko akwai mashayin da za su gwada hanyarsu a kansa. Akwai kuwa: wani lauya, Bill Dotson, wanda aka kwantar sau takwas cikin wata shida, an ɗaure shi a gado saboda ya doki ma'aikatan jinya. Dattijon coci ne, ya taɓa zama kansila, ya sha addu'a da alkawari.

Abin da ya sa ya saurare su, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne matarsa ta ce masa waɗannan mutane biyu mashaya ne irinsa, kuma sun ce sai sun gaya wa wani labarinsu za su iya tsayawa. Kowa da ya zo gabansa a baya taimakonsa ya zo yi, girman kai ya hana shi ji. Waɗannan kuwa su ke neman taimakonsa. Ya fita daga asibiti ranar 4 ga Yuli 1935, bai sake sha ba har ya rasu a 1954.

Ba kowa aka samu haka ba. Da yawa sun zo sun tafi. Ebby ma, wanda ya fara kai wa Bill saƙon, ya koma sha, ya yi ta faɗuwa yana tashi shekaru da dama. A ƙarshen 1937 da suka ƙirga, mutum wajen 40 ne suka tsaya a Akron da Niyok. A 1939 sun kai kimanin 100, suka buga littafin da ƙungiyar ta samo sunanta daga gare shi, mai ɗauke da matakai 12 da mashayi zai bi don ya bar sha. Bayan wata mujalla mai farin jini ta yi rubutu a kansu a watan Maris na 1941, suka tashi daga 2,000 zuwa 8,000 kafin shekarar ta ƙare. Yau ana ƙiyasta su wajen miliyan biyu a ƙasashe kimanin 180.

Akwai wani abu da ya tsare su tun da wuri. Sun nemi kuɗi wurin attajiri John D. Rockefeller ƙarami, aka ba shi shawara ya ba su dala 50,000, ya ƙi, ya ce kuɗi zai ɓata abin, ya ba da 5,000 kawai. Sun ji haushi a lokacin. Daga baya suka mayar da shi ƙa'ida: ba sa karɓar gudummawa daga waje.

Yadda zaman yake a yau

Wanda ya shiga taron AA a kowace ƙasa zai tarar da abin da bai yi nisa da hirar ɗakin Henrietta ba. Kujeru, shayi ko kofi, awa ɗaya. Sharaɗin shiga ɗaya ne, son daina sha. Babu rajista, babu kuɗin shiga, sai ɗan kwando da ake zagayawa da shi don kuɗin haya da shayi, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Sunan farko kawai ake faɗa. Mutum ya yi magana a kan kansa, ba a katse shi, ba a yi masa gyara. Sabon zuwa in ya ga dama ya ce yau saurare kawai zai yi. Akwai buɗaɗɗen zama da iyali da masu son sani za su iya halarta, akwai rufaffe na masu matsalar kaɗai. Ba a cewa mutum ya rantse ya bar giya har abada, ana cewa ya tsallake yau. Bayan ɗan lokaci yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama mai riƙe masa hannu, wanda zai kira in ƙishirwar ta taso da tsakar dare, kafin ya sha ba bayan ya sha ba.

Shin yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci tana tantancewa, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa shirye-shiryen asibiti da ke haɗa majinyaci da AA sun fi sauran hanyoyin ba da shawara kai mutum ga barin sha ɗungurungum: kimanin 42 cikin 100 ba su sha ba tsawon shekara, a sauran hanyoyin kuwa 35. Wani binciken na Maria Pagano a 2004 ya taɓo ainihin abin da Lois ta lura da shi. Cikin waɗanda ke taimakon wasu mashaya, 40 cikin 100 sun kai shekara ba su sha ba, cikin waɗanda ba sa yi kuwa 22.

Alƙaluman nan suna da daɗi, suna kuma da ɗaci. Ko a hanyar da ta fi, fiye da rabi sun sake sha cikin shekara. Ban ga laifin faɗar haka ba, domin iyalin da aka gaya wa an sami maganin ƙarshe su ne ke yanke ƙauna ranar da ɗansu ya zame. Akwai kuma waɗanda AA ba ta karɓe su ba sam. Wasu maganar Ubangiji da ke cikin matakan ce ta yi musu yawa, don irinsu aka kafa SMART Recovery a 1994. Wasu kuma asalinta na Kiristanci ne ya tsaya musu a rai, shi ya sa Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami a 1989, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da Sunna. Akwai magungunan rage sha'awar giya, irin su naltrexone da acamprosate, da likita ke rubutawa, kuma duk ɗan ƙungiyar da ya ce wa wani ya ajiye maganinsa ya wuce gona da iri, AA da kanta ta hana 'ya'yanta yin likitanci. Taro kuma taron mutane ne, akwai nagari akwai masu neman sabon zuwa don wata manufa. Shi ya sa mata ke da zamansu na daban, kuma al'ada ita ce mace ta riƙe mace.

Inda lamarin ya taɓa mu

A ƙasar Hausa mashayi yana ɗauke da kaya biyu, ciwon da kuma ɓoyonsa. Giya haramun ce, babu Musulmin da ke jayayya a kai, kuma tun daga shekarar 2000 jihohi 12 na Arewa suka sa shan ta cikin laifuffukan da shari'a ke hukuntawa. Wanda ya riga ya kamu bai daina don haka ba. Yakan sulale Sabon Gari ko kasuwar mami ta barikin soja, ko ya sayi 'yar leda ya sa a aljihu, ya tauna goro ko alewa mai ƙamshi kafin ya shiga gida. In asiri ya tonu, dangi sukan bi hanyoyin da aka sani: faɗa, rubutun sha, ruƙiyya, a yi masa aure ko zai natsu, in abin ya faskara a kai shi gidan mari. Mun ga inda wannan ta ƙarshe ke kaiwa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, hanya ce ta ƙure musu.

Abin da ba a cika gwadawa ba shi ne wanda Dakta Bob ya rasa shekara 17: a haɗa shi da wanda ya sha ya bari. Irin waɗannan mutane suna nan a kowane gari, a sahun masallaci da kasuwa da ofis, amma sun binne tarihinsu, kuma ba a ga laifinsu ba, tunda mai 'ya'ya mata yana tunanin ranar da za a zo neman aurensu. A nan ne ƙa'idar ɓoye suna take da daraja gare mu. Rufin asiri ne, abin da addini ya riga ya yi umarni da shi. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. An yi masa hukunci, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Mai neman irin wannan zama yana da ƙofofi. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri suna karɓar masu matsalar shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Bayan an duba jikinsa, ya tambayi likita ko jami'in walwala ko akwai zaman rukuni, ko wani da ya warke da zai yarda su gana. Tun annobar korona a 2020 tarurrukan AA da makamantansu suka cika intanet, ta Zoom, dare da rana, da Ingilishi da Faransanci da Larabci. Mutum na iya shiga daga ɗakinsa a Zariya ko Maraɗi, ya rufe kyamara, ya saurara kawai. In zaman farko bai kwanta masa ba, ya gwada wani, domin kowanne da irin mutanensa. In kuma harshe ya zama shinge, ƙa'idar AA ta ce mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha sun isa su kira kansu rukuni. Ɗaki, tabarma, butar shayi, rana tsayayya a mako, da alkawarin cewa abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Matan aure da iyaye su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, wanda Lois ta taimaka aka kafa a 1951, domin ita ta san gajiyar mai jiran ƙarar ƙofa da tsakar dare.

Dakta Bob bai sami sauƙi nan take ba. Ya faɗa cewa shekara biyu da rabi na farko sha'awar giya kusan kullum tana tare da shi, har yakan ji zafin ganin abokansa suna sha. Abin da ya riƙa yi shi ne zuwa wurin wani mashayin. Cikin dalilan da ya lissafa na yin haka, na ƙarshe shi ne duk lokacin da ya yi, yana ƙara wa kansa kariya daga zamewa.

A watan Agusta na 1939 ya roƙi wata ma'aikaciyar cocin Katolika, Sista Ignatia, mai kula da karɓar majinyata a asibitin St. Thomas na Akron, ta ba shi gado don wani mashayi. A lokacin asibitoci ba sa son karɓar irinsu. Ta rubuta cewa ciwon ciki ke damun mashayin, da ta rasa ɗakin da baƙi za su zauna da shi su yi magana sai ta sa aka tura gadonsa ɗakin da ake ajiye furanni. Daga wannan gado aka sami sashe guda na mashaya, inda su biyun suka yi jinyar mutum wajen 5,000, likitan bai karɓi kuɗin aikinsa ba. Anne ta rasu a 1949. Shi kuma ciwon daji ya ɗauke shi ranar 16 ga Nuwamba 1950, shekara 15 bayan kwalbar safiyar fiɗa. Da 'yan ƙungiya suka so gina masa babban kabari tun yana raye, ya ce a binne shi kamar kowa. Dutsen da ke kansa a maƙabartar Mount Peace bai ambaci AA ba, sai dai masu ziyara sukan bar 'yan ƙarafan da ake ba su na cikar wata ko shekara ba tare da sha ba.